Gaba Bakwai na Biri

A gidanmu na Kwaya tatsuniya ba kyauta ba ce. In sanyi ya shigo an gama kai amfanin gona rumbu, kakata Inna Tasalla, mahaifiyar babana, takan sa a jawo buhun gyaɗar iri tsakar gida bayan lisha, a hura wuta da kara, kowane yaro a dire masa ƙwarya a gabansa. Muna ɓara tana ba da labari. Da hannuwa sun tsaya, bakinta ma sai ya tsaya cak. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, amma kunnen nan nata, wayyo! Sai ka ji ta ce, "Na ji ƙwarya ɗaya ta yi shiru. Ta wa ce?" Kuma kullum tawa ce.

Ni ne babba a jikokinta maza, saboda haka ni ne mijinta na wasa, ni ne kuma mai shan tsiya. "Kai maigidana," in ji ta, "ragon miji, ko kallabi ba ka taɓa saya mini ba, ga shi kana cinye mini iri. Biyu a ƙwarya, uku a baki. Da me za mu shuka, da haƙoranka?" Sauran yara su yi ta dariya, ni kuwa in cika in yi fam, amma ba na tashi, don bayana sanyi ne, gabana wuta, kuma ba a kai ƙarshen labari ba.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, yawancinsu sun zube mini. Guda ɗaya ce ta maƙale, ita ma ban so ta ba a lokacin, don ba ta ƙarewa yadda yaro yake so. Inna takan gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta iso, ta sha tafiya." Mu amsa, "Ta zauna ta huta, mu ji ta."

Wai wata shekara aka yi fari a daji, tafkuna suka bushe har ƙasa ta tsage. Biri, da yake ba ya zama wuri ɗaya, ya yi ta yawo har ya faɗa kan wata tsohuwar rijiya a bayan wata kuka. Ya sami kaba ya tuƙa igiya, ya zura guga, ya sha ya ƙoshi, ya komo gari gemunsa na ɗigar ruwa. Dabbobi suka taru a kansa. Shi kuwa bai ɓoye ba. Ya hau kan shuri ya kwatanta musu hanya tiryan-tiryan, ya ce, "Ruwa yana gaba bakwai. Kowa ya tuƙa igiyarsa." Gaba dai shi ne awon igiya in mutum ya ware hannuwansa biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa.

Bushiya ta matso ta ce, "Biri, ara mini taka mana, ko in gwada tawa a jikinta."

Biri ya ce, "Igiyata? Kin san wuyar da na sha kafin in tuƙa ta? In na ba ki, gobe sai a ji ke ce kika gano rijiya. Ai na gaya miki komai. Gaba bakwai."

Bushiya ta koma ta tuƙa tata, ta auna sau bakwai, har ta ƙara ɗaya don kada a yi rashi. A nan Inna takan manne gwiwoyin hannunta a ƙirji ta ware ƴan tafukanta, ta nuna mana gaban Bushiya, mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube. Sai ta bar mu mu gama, sannan ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa. Bushiya ta kwashi ƴaƴanta suka yi tafiyar yini a rana. Suka iske rijiya daidai inda aka ce. Ta zura guga, guga ya tsaya yana lilo a bakin rijiya, ko hasken rana bai wuce ba. Ga ƙanshin ruwa suna ji, ga shi can ƙasa yana ƙyalli. Autanta bai komo gida ba.

Aka kai ƙara. Biri ya rantse, aka kawo igiyarsa ya auna a gaban kowa, bakwai cif. Alƙali ya ce ba shi da laifi. Tun ran nan Bushiya ta dunƙule ta fid da ƙaya, kome za ka faɗa mata ba ta buɗewa. "Ƙurungus," in ji Inna, "kan bushiya, mai ƙarfin hali ya shafa."

Na taɓa tambayarta, "Inna, to Biri ƙarya ya yi?"

"Ko kaɗan."

"To me ya yi?"

"Ɓare gyaɗarka, maigida."

Inna ta rasu ina lakwal, ina karatun boko a Damagaram. Na yi karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa, yanzu ina aiki a wani ɗan buro, wato ofis, a Magariya, mu uku da fanka ɗaya. Aikina tara awon rijiyoyi ne, nan da yankin Dungas, in zuba a ordinater, wato kwamfuta, in rubuta mata umarnin da za ta bi ta yi lissafi, abin da muke ce wa kod. Aiki ne mai cin ido da baya, kuma ba wanda yake tare ka a kasuwa ya yi maka sannu da shi.

Bara da rani wani dattijo, Arɗo Sale, ya zo buro a bayan moto, babur ɗin haya. Gidaje ne kaɗan na masu noma da kiwo suka sauka kan wata jigawa gabas da Guci, ba su daɗe ba. Ruwa sai mata sun kora jakuna zuwa fadama, su fita da safe su komo rana ta take. A wurin akwai kufan wata rijiya ta mutanen da suka zauna kafin su, rairayi ya binne ta, ba wanda ya san zurfinta. Suna so su haƙa sabuwa a gefenta, shi ne ya zo ya ji ko takardunmu sun san wani abu.

Sun sani kuwa. Wani bincike da aka buga shekarun baya ya auna wannan rijiyar tun tana raye, ga ta a jadawali: ruwa a metir goma sha biyar. Wanda ya yi binciken tsohon malamina ne na jami'a, Dokta Mamman, mutumin da ya koya mini rabin abin da na sani. Na karanta wa Arɗo lambar, ya yi godiya ya tafi.

Suka kira mai haƙa, samarinsu suka shiga rami. Aka kai sha biyar, busasshen rairayi. Aka daure aka kai ashirin, ko danshi babu. Mai haƙa ya fito ya ce shi kam ba ya ƙara taku ɗaya da ran ƴaƴan mutane sai an gaya masa gaskiya: ruwan yana gaba kaɗan ne, ko kuwa lambar ta wani gari ce aka liƙa wa wannan? Itace ne kawai ya riƙe bakin ramin, damina kuma tana matsowa. In ruwan sama ya sauka kafin a gama a sa buz, zobban simintin da ke riƙe bangon rijiya, ramin zai rufta.

Arɗo ya sake zuwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Yaro, mu ci gaba ko mu bari? Ɗaya kawai za ka faɗa."

Na ce, "Baffa, ba ni kwana biyu."

Abin da nake bukata ba shi da yawa: ainihin awon da aka ɗauko daga daji kafin a gyara shi, da kod ɗin da ya mayar da shi jadawali. Da suna ajiye a fili inda kowa zai iya ɗauka, kamar yadda ake ta kira a yi, da kafin la'asar na sake lissafin na ga inda aka karkace. Amma a ƙarshen takardar an rubuta wai mai so ya tambayi marubuci. To, na tambaya. Na aika saƙo, shiru. Na kira, yana taro a Yamai. Na sake kira, rizo, layin wayar, ya yanke. Da ƙyar na same shi wata Juma'a.

"Mushe," na ce, yadda muke kiran malami a lakwal, "mutane na cikin rami."

Ya ce, "Na ji ka, Sanusi. Amma akwai takarda ta biyu da ban fitar ba. Ka san abin da ya faru da ni wancan karon? Na ba wasu baƙi awon da na yi shekaru ina tarawa a kan moto, har na karye a ƙafa. Suka buga da sunayensu, ni suka sa ni can ƙasa cikin waɗanda ake yi wa godiya, tare da direba. Lambar da ke cikin takarda daidai take, ni na duba ta. Bari in natsu in nemo maka fishiye ɗin da awon yake ciki."

Wallahi ban iya jin haushinsa yadda nake so ba. Na san ƙafar da yake faɗi, har yau yana ɗingishi. Kwana biyuna ya zama mako, mako ya haifi wani. Arɗo yana kira daga wayar wani, in ɗauka in ce ya ƙara haƙuri. Na je da kaina na auna rijiyoyin fadama, amma fadama ba ta gaya maka abin da ke ƙarƙashin jigawa. Ban iya cewa su ci gaba ba, kada rami ya danne ɗan wani a kan zato na. Ban kuma iya cewa su bari ba.

Ruwan farko ya sauka ran wata Talata, mai ƙarfi. Fishiye ya iso bayansa da ƴan kwanaki, da gajeren saƙo: a yi haƙuri da jinkiri, kuma kada a ba kowa. Na buɗe. Ban gama shan shayin da ke gabana ba na gani. Wanda aka aika awo a wancan yankin ma'auninsa bai kai ba, sai ya zura igiya ya auna da hannu, ya rubuta sha biyar, a layin bayani na gefe kuma ya sa kalma ɗaya: gaba. Shi kuwa kod, abu na farko da yake yi shi ne ya share layin bayani, don ya ɗauka surutu ne, sai gaba sha biyar ta fito a matsayin metir sha biyar, alhali gaba ɗaya ta kusa metir biyu. Ba wanda ya yi ƙarya. Mai awo ya faɗi gaskiya, Dokta ya buga abin da ordinater ta ba shi, ni ma na karanta abin da aka buga.

Ina yaro na ɗauka Biri mugu ne, ina jiran ranar da Inna za ta sa kura ta cinye shi, ba ta taɓa yi ba. Yanzu na gane dalili. Biri ba mugu ba ne, wanda ya sha wuya ne yake tsoron a ƙwace masa suna, kuma irinsa ne mu duka a wannan aikin, har da ni. Duk lokacin da zan saka awona a fili, sai wani abu ya riƙe mini hannu. Sai na yi kwanaki ina rubuta bayani: wannan da me aka auna, wa ya auna, wane wata, ina na yi shakka. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, in jira. Rizo ya tsinke ana tsakiyar aikawa, in sake daga farko. Abokan aikina suna ce mini mai sadaka da gumi. Ba ƙarin girma a ciki, wataƙila ma wani can da ban taɓa gani ba ya kwashe ya yi suna da shi. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya cirewa. Amma ina sakawa, awon da kod ɗin duka, har da kurakuraina, don mai zuwa ya gwada ya kama ni tun ramin bai yi zurfi ba. Na roƙi Dokta ya bari a saka nasa ma da gyaran. Ya ce zai yi tunani, har yau yana yi.

Amma tun ranar da na gano kuskuren sai da na hau moto na je na gaya wa Arɗo, don ba maganar waya ba ce. Na iske ramin ya zama kwari cike da laka, sun kewaye shi da ƙaya don kada maraƙi ya faɗa. Muka tsaya a bakinsa na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Ashe ruwan yana nan," ya ce.

"Yana nan, Baffa."

"Nawa ya rage?"

Na ware hannuwana. "Kamar huɗu irin wannan."

Ya daɗe yana duban hannuwan nawa har na ji kunya na sauke. Na ce in Allah ya kai mu rani sai a sake, yanzu an san zurfin, ni da kaina zan zo in tsaya. Ya girgiza kai. Ya ce gida biyu sun riga sun ce da an yi girbi za su ɗaura kaya, samarin kuma sun rantse ba su ƙara shiga rami a kan maganar takarda.

Na tada moto ke nan ya dafa mini kafaɗa.

"Shi malamin naka, lokacin da kake kiransa, ka gaya masa akwai mutane a nan?"

Na ce na gaya masa.

Ya ce, "To." Ya juya ya tafi taya matan sauke jarkoki daga kan jakuna.