Kifin Ruwan Gishiri da Janaretan Emeka

Shekara shida rabona da Fatakwal, inda aka haife ni. Kewar teku ta sa na sayi ɗan akwatin gilashi na kiwon kifin ruwan gishiri, da famfonsa da gishirinsa.

Jiya ina zuba kifi uku aka ɗauke wuta a unguwarmu Kudenda. Famfo ya tsaya, kifayen suka taso sama suna haki.

Na ruga wurin maƙwabcina Emeka, wanda kullum nake wa masifa kan ƙarar janaretansa.

Ya ce, "Malam, yau ƙarar ba ta dame ka ba?"

Na ce, "Jawo min waya, gobe ma yi faɗan."

Ya jawo. Janaretan nan har yanzu bala'i ne, amma mutumin ya kyauta.

Masu kiwo, ya kuke yi in babu wuta? Ni dai cikin uku, biyu na ceto.