Tulun da Ke Ƙarƙashin Matakala

Makon jiya ɗana ya manta da kwalin ɗanyen dabino a bayan motarsa, kwana huɗu cur a cikin ranar Madina. Da ya buɗe a ƙofar gida warin ya buge ni, sai na nemi dakali na zauna. Shi kuwa yana ta dariya, yana ce mini da Larabci ai dabino ne kawai ya lalace. Wannan warin mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai, na san shi tun ina 'yar shekara tara, kuma ban taɓa gaya wa kowa abin da ya sa nake tsoronsa ba. Kai mai karatu kai ne na farko, don na san ba za ka tsare ni da ido ba.

Gidanmu na dā yana can wajen Uhudu, ƙaramin gida mai hawa ɗaya, dutsen yana leƙo mu ta saman katanga. Kakata ta wajen uba ita ce mai gidan, ko da yake Babanmu ne ke da sunan. Tana yarinya ta baro ƙasar Hausa da iyayenta, suka yi shekaru a hanya ta Sudan kafin su ƙetare ruwa, kuma burinta ɗaya ne a duniya: a binne ta a Baƙi'a, ta tashi cikin maƙwabtan Manzon Allah da hannu mai tsabta. Ƙawata take kirana. Kullum cikin tsiya muke, tana cewa hancina ya fi fuskata girma, ni kuma ina ce mata haƙoranta sun riga ta tafiya lahira.

Duk shekara, idan zafin nan da mutanen Madina ke cewa shi ke dafa dabino ya kankama, Kaka takan haɗa khal, wato ruwan tsamin nan da ake zuba wa ganye da wake. Wani manomi ne ke kawo mata dabinon da ya faɗo ya yi laushi. Ta cire ƙwallon, ta dama da ruwan ɗumi, ta jefa zabibi tafi guda da ɓawon rumman, ta juye a wani baƙin tulu, ta ɗaure bakinsa da farin ƙyalle. Daga nan sai ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala, a ja ƙofa. Ba a ƙara masa komai, ba a motsa shi, sai ya yi kwana arba'in ko fiye.

Ga inda matsalar take. Ruwan dabino ba ya zama khal kai tsaye, sai ya fara zama giya, sannan ya juya da kansa ya yi tsami. Kaka ta san haka sarai, ba ta kuma ɓoye shi. Shi ya sa a waɗannan kwanakin babu baligin da ke kusantar ɗakin, har ita kanta. Ni ake aikawa, don a cewarta alƙalami bai hau kaina ba tukuna. Aikina in durƙusa, in kara hancina a kan ƙyallen, in dawo in faɗi abin da na ji. In wari ne mai zaƙi mai sa jiri, da sauran tafiya. In ya soki hanci har ido ya kawo ruwa, to ya juya.

Ban taɓa son ɗakin nan ba. Da tsakar rana nake shiga, bayan azahar, lokacin da duk unguwa ta kwanta, ko kyanwa ba ta ratsa titi. A makon farko tulun magana yake yi. Wallahi ba ƙari na yi ba, wani ƙus-ƙus yake yi ƙasa-ƙasa kamar tsofaffi biyu na gulma a bayan labule, ƙyallen yana kumbura yana sacewa. In na riƙe numfashina sai in ga kamar shi ma ya dakata yana saurarena. Na taɓa gaya wa Kaka, ina jiran ta yi mini dariya. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, “Maganarsa ba komai ba ce, ƙawata. Ranar da ya yi shiru, ranar ya zama abin da ba a faɗa.”

A shekarar da nake ba ka labari, tulun ya yi shiru ranar Talata, Kaka ta faɗi ranar Laraba a bakin murhu. Aka kai ta asibiti, bayan kwana biyu likita ya ce a mai da ita gida, abin da ya rage na kwana ɗaya ne ko biyu. Aka shimfiɗa mata a ɗakinta, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da ƙarƙashin matakala. 'Yan'uwa suka cika gida, daga Makka, daga Jidda, ana ta karatu.

Babanmu direba ne, yana kai alhazai wuraren ziyara, mutum ne mai tsoron Allah da saurin fushi, kuma dama can bai taɓa son tulun ba. Ya durƙusa a gabanta ya ce, “Ya Inna, khalas, ya isa haka, bari in zubar da abin nan. Haram ne ki tafi yana cikin gidanki.”

Muryarta ta riga ta shige ciki, amma kowa ya ji amsar. “In ka zubar da shi yau, giya na yi a garin Manzo. In ya juya, khal na yi. Kada ka taɓa mini shi, zan jira.”

Ta kuwa jira. Kwana biyun likita suka zama bakwai, suka zama goma sha biyar. Ba ta ci, ruwa ma sai a auduga ake ɗiga mata. Baƙi suka gaji suka fara komawa. Jikinta ya ƙare har ba ka gane akwai mutum a ƙarƙashin mayafin, sai idanun nan biyu da ba sa rufuwa, suna kallon bangon da tulun ke bayansa. Matan da ke jinyarta suka daina son zama su kaɗai da ita. Na ji gwaggona tana raɗa wa Ummanmu cewa ta taɓa ƙafafun tun shekaranjiya sun yi sanyi, amma ga ta tana numfashi. Kullum bayan azahar idanun su juyo su nemo ni. In tashi in je in durƙusa a cikin shirun nan, in shaƙi zaƙin da ke sa ni jiri, in dawo. “Ya juya?” In ce, “Da saura, Kaka.” Sai ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, irin na wanda aka ƙara wa kaya a ka.

Na tsani tulun, na tsani hancina, kuma zan faɗi gaskiya, na fara jin tsoron Kaka. Tausayinta nake ji, amma tsoron ya fi yawa.

Rana ta goma sha shida na shiga na shaƙa. Zaƙi ne, ko alamar tsami babu. Na daɗe a durƙushe. Da na fito na murje idanuna da bayan hannu har suka yi ja, na tsaya a bakin ƙofarta na ce, “Kaka, ya juya.”

Ta ce in matso. Ta kama bakin ɗankwalina da yatsu biyu, ta ja shi zuwa hancinta, ta shaƙa a hankali. Matar nan daga ɗakinta take gane miyar maƙwabta ta kusa kamawa. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta saki ɗankwalin ta ce, “To, ƙawata. Tunda kin faɗa.” Ta rufe ido, karo na farko cikin kwanaki. Kafin a kira la'asar ta cika.

Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta Baƙi'a kamar yadda ta roƙa. Kowa na cewa ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta jira abinta ya tsarkaka sannan ta tafi. Ni kaɗai na ci gaba da shiga ƙarƙashin matakala a ɓoye. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya da binne ta, ranar nan ina kara hancina ya soke ni, idanuna suka kawo ruwa. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarta.

Yanzu an rushe gidan, dogayen benaye ne a wurin. Khal kuwa a robar kanti muke sayensa, 'ya'yana ba su ma san daga ina yake fitowa ba. Da na girma na tambayi wata malama, na ce labarin wata ne, ta ce tsohuwar ba ta da laifi ko kaɗan, niyyarta ake dubawa. Na yarda da hukuncin, amma bai sauke mini abin da ke ƙirjina ba. Har yau ban sani ba ko ta yarda da ni ne, ko kuwa ta gane ƙarya nake ta karɓa don ta ga na gaji da ita.

Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka ban taɓa ganin kabarinta ba. In na fito daga Harami nakan tsaya a jikin katangar, cikin alhazai masu ɗaga waya suna hoto, in yi mata sallama. Na haura shekara hamsin, ina da jika, amma sai na waiga na tabbata ba mai jina, sannan in sunkuya in ce, “Kaka, ya juya fa. Wannan karon gaskiya nake faɗa miki.”