Mma Barakatu da Bijimin Buronya

Jama'a, a gyara zama, a kashe babura, mai tari ya yi tarinsa yanzu. Ga ta nan tafe: sarauniyar bakin tashar motar Yendi, mai ludayin da ya fi kulkin ɗan sanda kwarjini, wadda ko ƙuda ba ya sauka a tukunyarta sai ya yi sallama. Mma Barakatu mai wache ke nan, wato shinkafa da wake. Ni Samed, direban yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, wanda ya bar makaranta kafin makaranta ta kore shi, ni zan ba ku labarinta. Kowa a zango ya san yajin shitonta, miyar barkonon da take zubawa a kan wache, amma ba kowa ya san abin da ya faru a bayan coci ranar Buronyar bara ba. Buronya, ga baƙi, ita ce Kirsimeti a bakinmu na nan.

A Salaga aka haife ta, 'yar mai koko. Tun ba ta kai tsayin turmi ba take ɗebo ruwa a rijiya tana fifita wuta. Da ta girma ta auri Muniru, bafatake mai sayar da hatsi, ya tafi da ita Bawku. Sun ji daɗi a can, har lokacin da garin ya fara rikicewa, yau kasuwa a buɗe, gobe a rufe, kaya na ruɓewa a ɗaki. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Muniru, bai tashi ba. Ta tattara 'ya'yanta da tukunya guda ta sauka a Yendi, inda ba ta da kowa sai wata ƙanwar uwa mai ɗaki ɗaya.

A Buronyar farko da ta yi a nan, wata mata ta yi sallama da buhun shinkafa, mai, sabulu da rigunan yara. Anti Akosua ce, tsohuwar nas, shugabar matan cocin da ke bayan tasha. Duk shekara suna bi gida-gida suna kai wa marasa ƙarfi, ba sa tambayar wa ke salla wa ke zuwa coci. Mma Barakatu ta tare ƙofa, ta tura yaranta bayanta.

"Me za ku karɓa a madadi?"

"Buhun," in ji Anti Akosua. "Idan ya ƙare ki dawo mana da shi, ba mu da isassu."

Da wannan shinkafar ta fara wache a tasha.

To, ban da rabon kaya, cocin kan dafa wa yara abinci ranar Buronya a ƙarƙashin itatuwan dalbejiya na harabarsu. Sai dai yaran zango ba sa ci. Iyaye sun hana, don ba a san wa ya yanka naman ba. Yaran sai su tsaya a bakin shinge suna kallon 'yan'uwansu na suɗe yatsu. Wannan kallon ne ya hana Anti Akosua sukuni, har ta zo ta roƙi Mma Barakatu ta karɓi girkin. Mma ta karɓa da sharaɗi, sannan ta bi matan zango ɗaki-ɗaki da magana ɗaya: "Wuƙar Kamaldeen ce, tukunyata ce, idona na kai." Kamaldeen mahauci ne da zango kaf ke cin yankansa. Tun daga ranar, idan Mma Barakatu ta ce a ci, ana ci. Maganar nan ita ce jarinta, ita ce kuma ƙofar da yaran ke bi su shiga harabar.

Bara wani dillalin shanu daga Bawku ya ba cocin kyautar bijimi. Ya sha doguwar tafiya a bayan mota, aka sauke shi yana layi, aka ɗaure shi a gindin dalbejiya ya kwana.

Da safe Mma Barakatu ta shigo da Kamaldeen, yana riƙe da wuƙaƙensa a nannaɗe cikin tsumma. Suna zagayowa bayan coci ta tsaya cak. Ga bijimi kwance, maƙogwaro a yanke, jini ya riga ya daskare a ƙasa. A kansa Baba Atinga maigadi ne tsaye, dattijo ɗan cocin, Bafarafare a ƙabila, adda a hannu, zufa har gemu.

"Mma, sannu da zuwa! Saniya ya so ya mutu, ni na taimake ku!"

"Baba Atinga, me ka yi?"

"Igiya ya shaƙe shi da asuba. Ya faɗi, ido ya juya, harshe ya fito. Na ce in ya mutu haka, yaran ku ba su ci. Na yanka shi sharp. Na ce Bisimilla, wallahi na ce! Har na ƙara Allahu akubar. Kai ma na juya shi wajen masallaci."

Ya nuna masallacin tasha da addar, yana murmushi. Masallacin kuwa yamma yake da cocin.

Mma Barakatu ta dube shi. Ba ta iya yi masa faɗa ba, don tsohon nan shekara da shekaru yana tsaye yana kallon yadda Kamaldeen ke yi, ya kwaikwaya iyakar iyawarsa saboda yaran da ba nasa ba. Anti Akosua ta fito da gudu, zani na kwancewa, ta ga abin, ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Atinga, ka kashe ni. Yau Buronya, ina za mu sami wani? Yara sun fara taruwa!"

Gaskiya ne. Daga bakin ƙofa ana jiyo hayaniyarsu da ƙarar kwanoni, da muryoyin iyaye mata da suka kawo itace don taya girki.

Kamaldeen ya durƙusa ya duba wuyan, ya taɓa jinin, ya miƙe ya matso kusa da ita yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mma, yankan ya yi kyau, jini ya fita. Kuma na sha jin malamai na cewa yankan Kirista ya halatta in ya ambaci Allah. Bari in feɗe kawai. Duk wanda ya gan ni da jini a hannu ba zai tambaya ba."

Ta dube shi. Ta dubi naman da zai ishi yaran nan su ci har su kai gida. Waɗansunsu tun Sallar Layya ba su ga tsoka ba. Mutum huɗu ne kawai suka sani. Amma ɗaya daga cikin huɗun Atinga ne, wanda in ya sha burkutu da yamma zai ba duk tasha labarin jarumtarsa. Kuma magana a zango ta fi babur gudu. Kafin la'asar za a ce coci ta ciyar da 'ya'yan Musulmi mushe, kafin magariba mushen ya zama alade, sannan samari su taru. Ita da ta zauna a Bawku ta san yadda ƙaramar magana ke rufe kasuwa.

"Kamaldeen, ni ban gaya wa matan nan abin da malamai suka ce ba. Wuƙarka na ce musu."

"To ki yi shiru mana, Mma."

"Shirun ma ai magana ce."

Anti Akosua ta kama hannunta. "Barakatu, in kin gaya musu za su kwashe yaran. Ba za su sake dawowa ba. Ko mu yi tukunya biyu, namu da nama, naku babu?"

"Su zauna a tabarma ɗaya, wannan da tsoka wannan da gaya? Gara shingen da."

Mma ta ɗaure zaninta, ta nufi ƙofa. Tafiyar ba ta da nisa, amma ta ce ba ta taɓa yin mai tsawonta ba. A gaban matan Hawawu ce tsaye, mai sayar da busasshen kifin garin Makango, mace mai baki kamar reza, wadda tun farko ba ta so wannan harkar ta coci ba.

"Mma Barakatu, ina hayaƙi? Rana ta yi, ba mu ji ƙamshi ba."

"Babu nama," in ji Mma. "Bijimin ya shaƙe da igiya, maigadi ya yanka kafin mu iso. Ba wuƙar Kamaldeen ba ce, idona kuma bai kai ba."

Yaran suka daina buga kwano. Sai Hawawu ta tafa hannu.

"Ba na faɗa ba! Da ma dabara ce! Yau an yanka a ɓoye, to bara fa? Bara waccan fa? Me muka sani 'ya'yanmu suka ci?"

Mata suka fara guna-guni. Wata ta fizgi hannun ɗanta, yaron ya fashe da kuka yana turjewa. Masu babura biyu da ke wucewa suka tsaya, ɗaya ya ciro waya. Mma Barakatu ta ga wayar, ta juya ga Hawawu.

"Hawawu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "da ɓoyewa nake yi, da yanzu kina can kina yanka mini albasa kina yabon naman. Wa ya gaya miki? Ni ce ko wani?"

Mma ta ci gaba.

"Bara kina tsaye aka yanka, ke kika karɓi hanji. Naman yau ba zai shiga tukunyata ba. 'Yan coci su raba su kai gida, halalinsu ne. A nan kuwa abu ɗaya kowane yaro zai ci. Kifi nake so. Duk abin da ke rumfarki."

"Kifina? Kyauta?"

"Wa ya ce kyauta?" Anti Akosua ce ta faɗa daga baya. "Coci za ta saya."

Hawawu ta auna su da ido. Can ta leƙa ta hango Baba Atinga ya raɓe a jikin bango da addarsa, kansa a ƙasa.

"To kifin," ta ce, "a tabbata wancan tsohon bai juya shi wajen masallaci ba."

Wata mata ta kasa riƙe dariya, sai ta yaɗu. Mai wayar ya mayar da ita aljihu ya tayar da babur. Ba duka aka tsaya ba, kada in yi muku ƙarya: waɗansu sun ja 'ya'yansu sun tafi, har yau akwai mai kau da kai in ta wuce wachen Mma. Amma yawanci sun ajiye itacensu suka shiga. Kafin azahar miyar kifi ta cika harabar da ƙamshi, yara suka zauna a tabarma ɗaya, ɗan liman kusa da ɗan katikis, malamin coci, suna faɗa a kan kan kifi. Mma da kanta ta zuba wa Baba Atinga, ta ce masa baɗi in saniya ta so mutuwa ya zo ya buga mata ƙofa.

Kwanan baya na same ta a tasha tana kwasar wache, na gyara tsayuwa na ce, "Mma, na rubuta tarihinki! Yadda kika hana yaƙi a Yendi da kifi. Duniya za ta san ki!"

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka janye kekenka, ka tare mini masu saye."