Inna da Wayar Ofishinmu

Jama'a, yau Inna ta kusa cinye min aiki, na gaji wallahi!

Ruwa ya hana ni zuwa ofishinmu na motocin kaya a unguwar Ojoo. Oga ya ce in danna lambar sirri daga gida, in juyo kiran ofis zuwa wayata. Na danna, ta karɓa. Har azahar shiru, na ɗauka ruwan ne ya hana kasuwa.

Ashe tsohon layina na sa, wanda na bar wa Inna!

Sai ga ta da ludayi a hannu: "Ke Rabi, su waye ke damuna da maganar tirelar albasa?"

Na ce, "Me kika ce musu, Inna?"

"Na ce nan ƙosai muke sayarwa. Wani mai tsawa ya kira sau uku, na wanke shi tas da Yarbanci."

Mai tsawar nan Oga ne!

Nan take na kira shi in ba shi haƙuri. Ya ce, "Gobe ki zo da wuri. Ki taho da ƙosan, tun da shi muke sayarwa yanzu."