Wanda Ya Kayar Shi Zai Riƙe

Baba Maɗori bai taɓa yin kokawa ba. Ɗan firit ne, iska mai ƙarfi ma sai ta yi gaba da shi. Amma shekara arba'in, duk ranar da 'yan tudu da 'yan gangare za su kara a filin bayan kasuwa, yana bakin fili da jakar tsummokara da karare. Dokarsa ɗaya ce: ba ya ɗora karaya sai wanda ya yi kayen ya zo ya riƙe wanda ya karye.

Shekarar da zaɓe ya raba mu, ko gaisuwa ba ma yi da 'yan tudu. Kowane ɗan takara ya ɗinka wa unguwarsa riguna, aka zo fili ana hura hanci. Ni gangare ta fitar, aka haɗa ni da Dogo bakanike. Ya sure ni ya maka da ƙasa, na ji hannuna ya ce ƙas. Kafin in yi ihu, mutanenmu sun fara tsintar duwatsu, Dogo kuwa ya koma cikin 'yan tudu.

Tsohon ya durƙusa kusa da ni, bai ko taɓa ni ba.

"Ina wanda ya kayar?"

"Baba, ka ɗora kawai," in ji yayana. "In Dogo ya shigo nan ai gawarsa za a fitar."

"To, sai ƙaninka ya zauna haka. Ni ba na iyawa ni kaɗai."

Wallahi a lokacin na tsane shi. Ni kafinta ne, hannun nan shi ne abincina.

Sai ga Dogo ya ratso ta tsakiyar masu duwatsu. Ya zauna bayana ya rungume ni. Da Baba ya ja ƙashin, na kafa wa Dogo haƙora a dantse. Bai sake ni ba, cewa kawai yake, "Cije, ɗan'uwa, cije." Fili ya yi tsit, har ina jin duwatsu suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Bara Baba ya rasu, muka je gaisuwa ni da Dogo. A ɗakin aikinsa na ga wani turke da igiya, na tambayi matarsa na mene ne.

"Nan yake ɗaure mai karaya ya ja," in ji ta. "A gida ai bai taɓa neman mai riƙo ba."