Layin da Baba Goge Ya Ƙi Rufewa

Reza na hannun Baba Goge, mai motar kuma ya damƙe masa wuyan hannu.

"Wallahi ka yanka abin nan, ni da kai sai ofishin 'yan sanda."

"To Alhaji, sake ni in yanka, sai mu tafi tare."

Motar sabuwa ce fil. Alhaji ya saya wa 'yarsa da ta gama karatun likita, ya kuma yo odar kayan ado, robar nan mai kama da katako da ake mannawa a dashbod da ƙofofi da gindin giya. Dangi sun cika gida, da la'asar za a miƙa makulli. Kowane yanki ya zauna daram, saura dogon fallen da zai shimfiɗu gaban kujerar mai zaman banza.

Baba ya bi wani siririn layi a jikin dashbod da farcensa. "Jakar iska na kwance a nan. Ranar hatsari ba ta sallama. Abin da ta tarar a bakin ƙofa, shi za ta watsa a fuskar wanda ke zaune."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Amin. Amma sai na yanka."

Ya yanka kuwa. Ya zagaye layin, ya bar wurin baƙi a tsakiyar katako. Alhaji ya ce an mayar masa da mota mai giɓi, ya fizge ta yana rantsuwar sai duk gari ya ji. Ya cika alkawari. Wata uku bencin Baba babu mai zama sai maƙwabcinsa mai faci, shi ma don ya sha inuwa.

Wanda bai san Baba Goge ba zai ce taurin kai ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin mai walda ya tada janareta Baba ya buɗe rumfarsa. Ba ya taɓa gam sai ya goge dashbod da sifirit sau uku, saboda man sheƙin da masu wankin mota ke lafta wa, wanda ke sa ado ya ɓare rana na dukansa. Nan ya samo sunansa. Yana ɗumama robar da na'urar busar da gashi ta matarsa, wadda har yau take cewa aro ta ba shi. Sannan ya jera yankunan a cinya, ya yi ta juya su har zanen katakon ya fuskanci gefe guda. Ba ya zama, ba ya barin mai mota ya zauna. "Tashi ka gani da idonka, kada gobe ka ce Baba."

Bayan wata takwas, mai faci ne shaida. Alhaji ya sauko daga tasi da matarsa, suka tsaya bakin rumfa. Tifa ce ta shigo wa 'yarsu likita a mahaɗa, uwarta na gidan gaba. Jakar ta fito ta wannan giɓin, ba ta tarar da komai ba.

Hajiya ta janye mayafi kaɗan. Ko ƙwarzane babu. "Malam, an ce kai ka bar min fuskata."

Baba ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ɗauki tsumma ya hau goge bencin da ba shi da datti.

Kai ne, Baba, aka yi maka barazanar 'yan sanda ka ce a tafi tare. Kai ne ka yarda a yi maka dariyar giɓi, da dai a yi wa wata ɗinki a fuska. Gogau, mai ado da tsoron Allah. Yanzu hannu ya fara rawa, ka ce ba za ka riƙe reza a motar mutane da hannun da ba ka amince da shi ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu wannan sana'a, kafin ku ɓare takardar gam, ku nemi layin nan da farce. In mai mota ya yi faɗa, ku bar shi ya yi.

Asabar ɗin da ta wuce ya naɗe tsummokaransa, ya sa na'urar a leda zai mayar wa mai ita. Yana ƙoƙarin danna kwaɗo wata farar bas ta ci birki a gabansa, wani dogon mutum ya diro ko injin bai kashe ba.

"Kai ne Baba Goge? Motocin haya goma sha biyu gare ni, wani ya shafe min gabansu da katako daga ƙofa zuwa ƙofa. Yanzu aka ba ni labarin matar Alhaji. Jibi za su ɗauki ɗalibai."

Baba ya dubi hannunsa da ke rawa, ya dubi ledar. Ya zare kwaɗon.

"Mai faci, aika gida a ce wa matata aron bai ƙare ba. Kai kuma kashe motar, zo ka riƙe reza, ni zan nuna maka layi."