Na-Tsaye Mai Haska Fim da Rukuni na Goma

Haihuwa da nasaba

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Na-Tsaye a shekarar 1941, a garin iyayensa, cikin wani ɗakin haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa mai sayar da gawayi. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne ba a taɓa samunsa zaune wuri ɗaya ba, dalilin laƙabin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa ke nan.

Karatu

An sa shi makaranta a 1948, kuma shaidar malamansa a kansa ta zo ɗaya: ƙwaƙwalwa akwai, natsuwa babu. Abu ɗaya ke tsayar da shi, wato rarrabe kaya. Sai ya zazzage akwatin aikin mahaifinsa a ƙasa, ya ware ƙananan ƙarafan agogo gida-gida, ya sha duka, gobe ya sake. A 1958, ana saura wata biyu jarrabawa, ya ji ana neman mai shara a gidan silima, ya ajiye littattafai ya tafi.

Aiki

A 1960 aka ɗaga shi zuwa ɗakin inji, wani ƙuntataccen ɗaki mai zafi da taga kamar tafin hannu. Fim kan iso a gwangwanaye biyar ko shida, kowanne da naɗinsa, bayan ya zaga garuruwa ya sha wuya. Aikinsa shi ne ya duba inda ya yage, ya yi masa faci da almakashi da gam, sannan ya haska.

A wata Asabar ta 1966, ana tsakiyar nunin la'asar, ya buɗe gwangwani na huɗu ya tarar ruwa ya lalata naɗin. Manaja ya hauro yana haki.

"Na-Tsaye, mutum ɗari uku ne a ƙasa. In injin nan ya tsaya, kujerun nan a kanmu za su ƙare!"

Na-Tsaye ya jawo naɗi na huɗu na wani fim dabam da ke jibge a lungu, ya ɗora. Babu wanda ya yi ƙorafi. Har tafi aka yi. Wani dattijo ne kawai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Jarumin nan ya yi ƙiba a tsakiyar fim, amma dai ya kyauta."

Tun daga wannan rana hankalinsa bai sake kwanciya ba. In har cikin wani fim zai zauna daram a jikin wani, ashe tsofaffin fina-finai dangi-dangi ne. Washegari ya sayi babban littafi ya soma rarrabe su.

Aure da zuriya

A 1969 ya auri wata mai ɗinki, 'yar wani kafinta maƙwabcinsu, kuma tsakanin 1970 da 1981 Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Saboda duhun ɗakin inji, ya saba kawo sababbin gwangwanaye gida da safe, a gyara su a kan teburin da matarsa ke yanka yadi kafin nunin farko. Ya koya mata faci, ba a jima ba ta fi shi iyawa, har ya zama yakan bar mata aikin ya fita sabgoginsa. A waɗannan shekaru ne sana'arta ta bunƙasa, matan unguwa suna layi a ƙofar ɗakinta.

Rarraba fina-finai

Zuwa 1985 ya kasa fim ɗari huɗu da ɗaya rukuni tara. Akwai na 'yan'uwa biyu da suka rabu tun suna yara, akwai na wasiƙar da ta makara, akwai na baƙon da ke shigowa gari a kan doki ya gyara shi ya fice, akwai na kuka a tashar jirgi. Kowane rukuni da hujjarsa a rubuce.

Amma fim goma sha ɗaya sun ƙi zama ko'ina. Ba ƙasa ɗaya ta yi su ba, ba darakta ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Duk da haka, duk wanda ya kalla a cikinsu sai ya ji wani abu ya fizge shi, irin na wanda ya taka matakalar da babu. Ya kira su rukuni na goma, ya bar gurbin hujja babu komai.

A 1989 aka rufe gidan silima aka mai da shi sito. Kamfanin da ke aiko da fina-finai ya riga ya mutu, don haka Na-Tsaye ya kwaso gwangwanayen da ba mai nema, da ƙaramin inji, ya cika ɗakin yara da su.

"Malam, su kuma yaran a cikin gwangwani za su kwana?" in ji matarsa.

"Su ma ai rukuni ne. A haɗa su ɗaki ɗaya."

Rashin lafiya da binciken ƙarshe

A 1997 likita ya tabbatar masa da hawan jinin ido, wanda ya riga ya yi nisa.

"Likita, kar ka lallaɓa ni. Wata nawa? Ina da aiki."

Aka ce masa goma sha takwas kafin ganin ya tafi, in an yi sa'a. Daga nan gidan ya koma ɗakin inji. Tun hantsi yake sakin labule ya kunna fim, yana tsaye, hancinsa ya kusa taɓa bango. Ya ƙirga dawaki, ya ƙirga ruwan sama, ya ƙirga waƙoƙi da mace-mace. Babu abin da ya fito. Gefen ganinsa kuwa sai rufewa yake yi wata bayan wata.

A watan Maris na 1998 ya kwarma ihun da ya sa babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta shigo da gudu tana zaton faɗuwa ya yi. Ya gano. A dukkan goma sha ɗayan, ba a taɓa ganin jaruma ta shigo ta ƙofa ba. Yanzu ɗaki babu ita, ƙiftawar ido ga ta a tsakiyar jama'a. Nan take ya yanke hukuncin cewa wata ɓoyayyiyar hikima ce ta wasu daraktoci, ya zaunar da 'yar ya shibta mata wasiƙa zuwa ga ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin fina-finai, yana neman ranar gabatar da natijar bincikensa. Aka ba shi rana.

Ana saura kwana uku, matarsa ta shigo da gwangwanin da take ajiye maɓallai.

"Malam, zauna."

"Faɗi, ina jinki a tsaye."

"Matan nan naka da ba sa shigowa ta ƙofa, suna shigowa. Ga su nan."

Ta zube guntayen fim goma sha ɗaya a kan tebur, kowanne naɗe a ƙyalle. Ya lalubo ɗaya ya ɗaga a taga.

"Wurin shigowar nan ne kaɗai ake ganin riga daga wuya har ƙasa," in ji ta. "Sai in yanke, in duba, in zana, in ɗinka. Rabin matan unguwar nan rigunan jarumanka suka sa."

"Shekara goma sha uku kina kallona ina zagaye ɗaki kamar mahaukaci!"

"Ka taɓa tambayata? Doki ka ƙirga, ruwan sama ka ƙirga. Na san kana neman wani abu, amma ban san nawa ba ne sai da na ji kana shibta wa yarinyar nan wasiƙa. Tun ranar nake juyayin yadda zan faɗa maka. Amma ba zan bari ka je gaban mutane ka faɗi abin da ba shi ba ne."

Iyalinsa sun ɗauka zai aika da uzuri. A rana ta uku ya sa manyan kaya, ya ce wa matarsa ta ɗauko gwangwanin ta biyo shi. A gaban mutum arba'in da 'yan kai ya bayyana al'amarin yadda yake, bai rage komai ba, kuma ya nuna ta da hannu. Da dariya ta lafa, sakataren ƙungiya ya tambaye shi ko za a soke rukuni na goma ke nan.

"A soke don me? Abin da ya haɗa su nake nema, na kuma samu: almakashi ɗaya ne. Ba a ce sai ya yi mini daɗi ba."

Shekarun ƙarshe

Matarsa ta ɗauki alhakin mayar da kowane guntu gurbinsa, aikin da ya ci wata takwas domin gam ya yi wuyar samu kuma fina-finan sun tsufa. Kafin ta kammala a farkon 1999, ganinsa ya tafi baki ɗaya. Bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin jaruman nan ta shigo ba. Ita ce ke kunna inji da yamma bayan ta tashi daga keken ɗinki, in wurin ya zo ta ce, "Ga ta nan, ta shigo."

"Me ta sa?"

Sai ta bayyana masa, daga wuyan riga har yawan maɓallai, shi kuwa ya yi ta gardama cewa ƙari take yi.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Talata da hantsi, a watan Yuni na 2004, yana da shekara sittin da uku, bayan gajeriyar jinya. A ranar aka yi jana'izarsa, aka binne shi a maƙabartar da ke gabashin gari, kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar, ma'aikaciyar jinya, mai bi mata, direban babbar mota, na uku, mai gyaran talabijin, sai auta, malamar makaranta. Ya kuma bar jikoki tara. Littafinsa yana hannun autar, rukuni goma cif, kowanne da hujjarsa. Hujjar na goman da hannun matarsa aka rubuta ta, yana shibta tana gyara masa. Allah ya jiƙansa da rahama.